Kafin in sayar maka da jita, sai na ji kiɗan da ke kunnenka

Da gyaran rediyo da amfilifaya na fara, a wata 'yar rumfa a Birnin Kebbi. Masu sanarwar biki da masu haya da lasifika su ne abokan cinikina na farko, sai 'yan coci da ke kawo kayan sautinsu idan sun ƙone. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya shigo da jita mai aiki da wuta, ya ce ta daina magana, tunda ina iya amfilifaya in duba masa. Na kwance murfinta, na tarar waya ɗaya ce ta cire daga bakin ramin da ake soka igiya. Na ɗiga mata dalma, ta tashi. Daga ranar labari ya bazu cewa akwai mai gyaran jita a gari. Yau ina sayarwa, ina gyara, ina ba da haya, ni da yara biyu. Sababbin kaya daga kasuwar Alaba ta Legas nake ɗauko su, wasu daga Sabon Garin Kano, na hannu kuma yawanci ta Kwatano suke shigowa.

Kusan kowa da suna yake shigo mini. "Malam, Fender nika so." Wani ya ce Gibson, don ya gan ta a hannun wani a waya. Nakan ba mutum kujera, in ce ya kunna mini abin da yake saurare, ko ya rera mini da baki. Sannan in tambaye shi inda zai yi kiɗan, da irin wutar da ke wurin, da abin da zai riƙa ɗauko jitar a kansa. Wasu sukan ga kamar ina ja musu rai. Ni kuwa na ga jita mai tsada ta zama kayan rataya a bango sau da yawa, don kawai muryarta ba ta dace da kiɗan mai ita ba, kuma abin yana ci mini rai, domin na san yadda ake tara kuɗin.

Mafi yawan matasan da ke zuwa mini daga Kamba da Dole Kaina, da waɗanda ke tsallakowa daga Gaya ta Nijar, kiɗan Buzaye ne a kunnensu, irin na Tinariwen da Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar. Wasu kuma salon marigayi Ali Farka Touré na Mali suke bi. Duk wanda ya tashi yana jin molo da gurmi da garaya ba zai ji wannan kiɗa baƙo ba. Babban yatsa yana riƙe da tsirkiya mai kauri tana ta maimaita abu ɗaya kamar ganga, ɗan ali kuma yana yawo a kan sirara, yana sara da sauri. Irin wannan kiɗa yana son kowace tsirkiya ta fito da muryarta ita kaɗai, tas, kada ta cuɗe da ta 'yar'uwarta. Shi ya sa nake nuna musu jita mai ƙirar Stratocaster, wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 1954. Tana da na'urar ɗaukar sauti guda uku a ƙarƙashin tsirkiyoyi, kowace maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, naɗi ɗaya. Wannan naɗi ɗayan shi ke ba ta murya mai kaifi da haske. Shi kansa Mdou Moctar irin ta yake riƙewa, ta 'yan bahago, bayan ya faro da wadda ya haɗa da hannunsa da wayar birkin keke.

Fender ta ainihi ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, kuma ba na ɓoye wa kowa haka. Kamfanin yana da ƙaramin suna, Squier, wanda ake ƙerawa a Indunusiya da Sin, ƙira ɗaya, kuɗi kaɗan. Amma wadda na fi miƙa wa yaro da zuciya ɗaya ita ce Yamaha Pacifica, mai lamba 012 ko 112. Aikinta a tsare yake, wuyanta ba ya yawan ba ni wahala, kuma tana da wata fa'ida da sai mai zama a irin garuruwanmu zai san darajarta.

Fa'idar ta shafi wuta. Na'ura mai naɗi ɗaya ba sautin tsirkiya kaɗai take ɗauka ba, har da gurnanin wutar lantarki. Idan ana biki da janareto, wayoyi a warwatse a ƙasa, ba a kafa wayar ƙasa ba, za ka ji lasifika tana wani zuuu kamar an tsokano amya. Maganin da aka samo tun shekarun 1950 shi ne a haɗa naɗi biyu, ɗaya yana juya wa ɗaya baya, sai gurnanin ya kashe kansa. Kamfanin Gibson ya fara sa irin wannan a jitarsa Les Paul a 1957. Muryarta ta fi kauri da duhu, kaifin ya ragu. To ita Pacifica ta haɗa duka: biyu masu naɗi ɗaya, sai mai naɗi biyu a kusa da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa a jikin jitar. Idan wuta lafiya lau ce, yaro ya yi kiɗansa da murya mai haske. Idan janareto ya fara rashin mutunci, ya tura makunnin zaɓen na'ura zuwa ƙasa, kan mai naɗi biyun, ya ci gaba da aiki ba a tashi daga biki ba. Ko a Squier ma nakan nuna musu matsayi na biyu da na huɗu a makunnin, inda na'ura biyu ke aiki tare, don a yawancin na zamani gurnanin yana raguwa a nan.

'Yan coci daga Zuru da Yawuri buƙatarsu ta ɗan bambanta. Kiɗansu ya ɗebo daga hailaif na kudu da salon Kwango, inda jita ke gudu can ƙasan wuya da ƙananan sautuka masu daɗi, ga fiyano ga ganguna ga mawaƙa kusan ashirin. Jitar da za ta ratsa wannan taro a ji ta sai mai kaifi, don haka su ma ƙirar Stratocaster ko Telecaster nake ba su. Telecaster ta girmi 'yar'uwarta da 'yan shekaru, na'ura biyu ce da ita, jakinta a kafe yake, ba ta da sandar lanƙwasa sauti, shi ya sa saitinta ke daɗewa bai goce ba. Ga majami'ar ƙauye da ba ta da mai gyara kusa, wannan babban abu ne. Abin da na fi ja musu kunne a kai shi ne bes, wato jita mai ƙatuwar murya. Sukan zuba kuɗi a jita su sayi bes ta banza, alhali ita ke ɗauke da rawar. Mai tsirkiya huɗu ta Yamaha ko Cort ko Squier ta wadatar, in dai an haɗa ta da amfilifayarta. Bes a amfilifayar jita yaga lasifika take yi, na sha ɗinke irin wannan ɓarna.

Akwai ɗalibai 'yan ƙalilan, yawanci daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, masu son kiɗan Turawa mai ƙara. Su Ibanez suke nema, ko Epiphone, wadda ita ce ƙaramar Gibson. Ina sayar musu, amma da sharaɗi biyu. Kada su ɗauki Ibanez mai jaki mai lilo, irin wanda ake kulle tsirkiya da ƙusoshi, don tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sun goce, kuma canjin tsirkiya kaɗai sai ya cinye yamma guda. Sannan mai ɗaukar ƙirar Les Paul ya san cewa tana da nauyi, ta kai kilo huɗu ko fiye, wuyanta da gam aka haɗa shi da jiki, kanta kuma a karkace yake zuwa baya. Ta faɗi sau ɗaya daga kan kabu-kabu, kan ya ɓalle. Wuyan ƙirar Fender kuwa da ƙusoshi huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace a kwance a sa wani. Itacen Les Paul, in ka bincika, ɗan'uwan maɗacinmu ne, shi ya sa take da wannan nauyi da zurfin murya.

Jabu kuwa ta cika kasuwa. Ana kawo mini jita an rubuta Gibson a kanta, mai ita yana murna ya yi tsintuwa. Abu na farko da nake dubawa shi ne ɗan murfin da ke saman wuya: na Gibson ta gaske ƙusa biyu ne, na jabu yawanci uku. Ba na jin daɗin faɗa wa mutum, amma gara ya ji daga bakina. A shagona ba na ajiye mai sunan aro. Gara Cort da sunanta na gaskiya.

Masu koyo su ne na fi ɓata lokaci a kansu. Kwanaki wani dattijo ya zo da ɗansa daga Argungu, yana ta nuna wata mai tsirkiyar ƙarfe saboda ƙyallinta. Na ce, "Baba, a bar shi ya danna tukuna." Yaron ya danna, ya janye hannu yana duba yatsunsa. Na miƙa masa Yamaha C40 mai tsirkiyar roba, ya danna, ya yi murmushi. Uban ya ce, "To ɗana, kai ka san aikinka, a ba shi wagga." Tsirkiyar ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70, na roba kuwa wajen 40, kuma yatsun yaro suna jin bambancin. Saboda wannan lissafin ne nake roƙon mutane kada su sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don roba. Jakin zai ɗago, wuyan ya lanƙwashe, kuma yawancinsu ba su da ƙarfen cikin wuya da za a ɗaure a miƙe shi. Babba mai son raka waƙarsa da kiɗa, ko mai aiki a situdiyo da ke son a ji ƙarar tsirkiya a kan fiyano, shi nake ba Yamaha F310.

Na zo kan abin da ya fi koya mini hankali a sana'ar nan. Shekarun baya wani malami ya ba ni kuɗi masu yawa in kawo masa jita ta gani ta faɗa, mai fuskar itace falle ɗaya, ba manne-manne ba. Na kawo ta ƙarshen damina, muryarta kamar ana zuba ruwa a tulu. Ban gaya masa komai game da hunturu ba, domin ni ma ban sani ba. Cikin watan Janairu ya dawo da ita, fuskar ta tsage daga jaki har gindi. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ajiye ta a kan tebur ya yi shiru, kuma shirun ya fi mini zafi. Na manne tsagar, na sa mata ƙananan katako ta ciki, na mayar masa da wani abu daga kuɗinsa. Daga baya na gane cewa masu ƙera irin waɗannan jitoci suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa iskar hunturunmu tana busar da leɓen mutum ma har ya fashe. Itace yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, shi ya sa za ka ji bakin ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuya sun fito suna yankar hannu. Da damina kuma itacen ya sha danshi ya kumbura, tsirkiya ta yi sama ta yi wuyar dannawa.

Tun daga lokacin, mai fuskar manne-manne nake fara nuna wa mutum, irin F310 da C40. Masana za su ce muryarta ba ta kai ta falle ɗaya ba, kuma gaskiya suka faɗa, amma tana jure Kebbi. Wanda ya nace sai falle ɗaya, sai ya saya da akwatinta, in ba shi ɗan gwangwanin sabulu da na huda, da soso a ciki. Ya jiƙa soson, ya matse shi sosai, ya rufe tare da jitar, ya riƙa dubawa bayan kwana biyu ko uku. Kada a jingine ta a bangon da rana ke duka, kada a bar ta cikin mota a bazara, don zafi yana sassauta gam. Ƙarfen cikin wuya kuma, in ya zama dole a taɓa shi, rubu'in juyi ake yi a jira, ba a murɗa shi kamar ƙusar taya.

Yanzu haka iska ta fara juyawa. Jiya wani yaro daga Kamba da na sayar wa Pacifica bara ya aiko da ita a motar haya, naɗe cikin bargo, da saƙon cewa ƙarafan wuyan sun fara cizon hannunsa kuma yana da biki ranar Asabar. Na goge bakinsu da magagari ɗaya bayan ɗaya, na shafa wa allon wuyan ɗan mai, na sa mata sababbin tsirkiyoyi masu lamba 10, waɗanda suka ɗan fi kauri, don hannunsa yana da nauyi, masu lamba 9 ba sa kwana biyu a wurinsa. Gobe da safe za ta koma a motar farko, da tsirkiya ta ɗaya, wato mafi siranta, guda biyu a aljihun jakar.