Abin da Shekarar Farko a Jami'a ta Koya Mini Kan Kwamfuta da Laburare

Na shiga jami'a ina ganin na iya kwamfuta, domin a kanta na rubuta jarabawar JAMB, wadda tun 2015 aka daina yin ta da takarda da fensir, kuma a unguwarmu ni ake kawo wa waya idan WhatsApp ya ƙi aiki. Ban cika wata guda ba na gane cewa danna A ko B da linzami bai kai a kira shi iya kwamfuta ba.

Aikin farko da aka ba mu, shafi shida ne, na zauna a wani shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta ina lalubar haruffa da yatsa biyu har kusan awa uku. Ina shafi na biyar aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta, babu ko layi ɗaya. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Ɗalibi, ba ka yi sebin ba ne?" Shi ya nuna mini yadda ake danna maɓallan Ctrl da S don adana aiki, ya kuma ce in daina barin fayil da sunan da kwamfuta ta ba shi. Tun daga ranar nake sa wa kowane aiki lambar kwas da kwanan wata, sannan in aika wa kaina kwafi ta imel, saboda filashin da ya zaga kwamfutocin shaguna ba ya rasa kwaso bairos.

Imel kuwa, kunya ce ta koya mini shi. Na aika wa wani malami aiki da adireshin da na buɗe tun ina sakandare, mai ɗauke da laƙabin wasa, babu take, babu sunana, babu lambar rajista, kuma na manta ban haɗa fayil ɗin ba. Washegari ya ba da labarin a aji ba tare da ya kama suna ba. A ranar na buɗe sabon adireshi da sunana na gaskiya, na kuma koyi mayar da aiki PDF kafin in tura, don kada tsarin shafukan ya wargaje a kwamfutar malami.

Inda na fi ƙaruwa shi ne laburare, duk da cewa kwas ɗin amfani da laburare da ake wajabta wa 'yan aji ɗaya, yawancinmu don maki kawai muka karanta shi. Na yi kwana biyu ina bin kantoci ina neman littafin nahawun Hausa, har wata dattijuwa cikin ma'aikata ta kira ni ta ce, "Ɗana, littafi ma yana da adireshi." Ta nuna mini cewa laburarenmu, kamar na jami'o'i da yawa a Nijeriya, yana bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda haruffa ke nuna fanni: L na ilimi, Q na kimiyya, R na likitanci, P na harsuna da adabi, Hausa kuma tana ƙarƙashin PL. Ta ce wasu laburaren kuma tsarin Dewey suke bi, wanda ya fito a 1876, mai raba ilimi gida goma da lambobi daga 000 zuwa 999. Da na duba katalog, wato jerin littattafan laburaren, na kwafi lambar littafin, cikin minti biyar littafin yana hannuna. A nan ne na fahimci girman cutar da ɗalibin da ke ɓoye littafi a wata kanta lokacin jarabawa yake yi wa sauran, domin littafin da ya bar gurbinsa daidai yake da wanda aka sace.

Ita ce kuma ta nuna mini Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike a intanet, da AJOL, rumbun mujallun bincike na Afirka, da dabarar sa jimla tsakanin alamomin zance don a nemo ta yadda take. Ta nace in riƙa rubuta sunan marubuci da shekara da shafi a daidai lokacin da nake karantawa. Na yi sakaci da wannan sau ɗaya a aji biyu, na kwafi wata magana mai kyau ba tare da tushenta ba, na yi sati ina nema ban samu ba, dole na cire ta daga aikin daren da za mu miƙa.