Awa biyar a Skomer, tsibirin da ƙasarsa duk rami ce

Skomer ƙaramin tsibiri ne a gaɓar Pembrokeshire, kudu maso yammacin Wales a Birtaniya. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, babu mota, babu kantin abinci, babu bishiyar da mutum zai fake. Na je a tsakiyar watan Yuni, lokacin da fafin, wasu ƙananan tsuntsayen teku masu baki mai launi, suke ciyar da 'ya'yansu, kuma abin da na fi koya a ranar shi ne yadda ake raba lokaci da inda ake sa ƙafa.

Ana shiga jirgin ruwa ne daga wata 'yar gaɓa mai suna Martin's Haven, tafiyar kamar minti 15. Mutum 250 kaɗai ake bari su sauka a rana, don haka tikitin Mayu zuwa Yuli sai an yanka tun da wuri. Ko da tikiti a hannu, iska ce ke da magana ta ƙarshe. Mashigar tsibirin tana fuskantar arewa, idan iskar arewa ta yi ƙarfi jirgi ba ya iya tsayawa a jikin matakala, sai a soke tafiyar ko da rana na haske tar. Wanda ya zo daga nesa ya ware kwana biyu ko uku a yankin, kada ya ɗora komai a kan rana ɗaya.

Da sauka, matakala 87 ce ke jiran mutum, a tsaye sosai. A samanta ma'aikatan ƙungiyar kare namun daji da ke kula da tsibirin suke tara baƙi su yi musu bayani na 'yan mintoci. Dokar da suka fi nanatawa ita ce kada a sauka daga kan hanya, ko da taku ɗaya. Da farko na ɗauka irin ka'idar nan ce da ake faɗa a kowane gandun daji. Sai da na duba gefen hanyar na gane dalili: ƙasar ta huhhuje kamar rariya. Fafin da zomaye da wani tsuntsu mai suna shiyawota duk a rami suke zama, rufin ramin kuwa sau da yawa bai fi kaurin tafin hannu ba. Babban mutum ya taka, sai ya rufta kan ƙwai ko ɗan tsako. Fafin ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 40, to ka ga taku ɗaya ya shafe aikin shekara guda. Ajiye jaka a gefen hanya da kafa ƙafar kyamara a kan ciyawa duk ɓarna ɗaya suke yi.

Zagayen tsibirin gaba ɗaya kusan kilomita 6 da rabi ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanya wannan tafiyar awa ɗaya da rabi ce, amma a nan ka lissafa awa uku kafin ka sa lokacin zama. Yawancin waɗanda muka sauka tare sun nufi kudu kai tsaye, wajen da ake kira Wick, inda fafin suka fi yawa. Ni na bi ta tsohon gidan gona da ke tsakiyar tsibirin, wanda nan ne ake samun banɗaki, na miƙe arewa zuwa Garland Stone, wani dutse da ke bakin teku. Wannan zaɓin ya yi kyau, domin kusan awa guda ni kaɗai nake tafe. A kan duwatsun da ke ƙasa akwai sil, dabbobin teku masu kama da ayu, kwance suna shan rana. Da ido kawai sai ka rantse duwatsu ne, sai ɗaya ya ɗaga kai. An fi ganinsu idan ruwa ya janye, saboda haka yana da amfani a duba jadawalin cikar teku da janyewarsa tun kafin a taso.

Kuskurena na farko a nan ya faru: na zauna minti 50 ina kallonsu, ban duba agogo ba.

A kan hanya za ka riƙa cin karo da fukafukai bibbiyu haɗe da ƙashin ƙirji, babu nama. Ragowar shiyawota ne. Skomer na ɗauke da kimanin ma'aurata 350,000 na wannan tsuntsu, wajen rabin duk waɗanda ke duniya, amma baƙon yini ba zai ga ko ɗaya a raye ba. Ƙafafunsa suna can baya a jikinsa, sun dace da iyo, a tudu kuwa sai jan ciki. Shi ya sa ba ya dawowa raminsa sai dare ya yi duhu, don gudun gal, manyan tsuntsayen teku masu baƙin baya da ke yi musu aikin shirwa. Wanda farin wata ko wayewar gari ya tona wa asiri, shi ne kake gani a kan hanya. Idan kaka ta yi, sauran su tashi har gaɓar Ajantina. Duk wannan taron ya yiwu ne saboda tsibirin ba shi da manyan ɓeraye irin na jiragen ruwa, ba dila, ba kyanwa. Dalilin ke nan da ake so jakar kowa ta zo a rufe da zif, kuma ba a shiga da kare. Ɓera mai ciki guda ɗaya ta isa ta jawo bala'i.

Daga Skomer Head, a ƙarshen tsibirin ta yamma, ana hango tsibirin Grassholm, gefensa ɗaya fari fat kamar an shafa farar ƙasa. Fararen tsuntsayen teku ne da ake kira ganet, da kashinsu. A nan iska ta nuna mini kuskure na biyu. Na bar rigar sanyi saboda gari ya yi ɗumi a gaɓa, ga shi a bakin dutse iska na ratsa ƙashi, rana kuma na ƙona wuya ba tare da ka ji ba. Abin da ya kamata a ɗauka: riga mai tare iska da ruwa, hula mai igiya, man kare fata daga rana, takalmi mai ƙarfin tafi, ruwa lita ɗaya da rabi aƙalla, abincin rana, da leda ta kwaso shara, domin duk abin da ka shigo da shi da shi za ka fita. Madubin hangen nesa mai ninki 8 ya fi mai ninki 12 amfani, saboda a cikin iska hannu na rawa, babban ninki kuma yana ƙara rawar.

Na isa Wick saura awa ɗaya da minti 20 jirgi ya tashi. Wani tsagi ne mai zurfi da teku ya yanka cikin dutse, bangonsa cike da tsuntsaye jere a kan 'yan matakai, ga ƙara ga wari. Hanya ta ratsa tsakanin bakin dutse da ramukan fafin, wato dole su tsallaka ta gabanka. A shekarun nan ƙidaya na nuna fafin sama da 40,000 a tsibirin. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, bai kai tantabara biyu ba, ga baki mai ja da rawaya. Yakan sauko da ƙananan kifaye jere a baki, ya ruga rami a guje. Idan mutane suka yi layi suka tare hanyar, sai ya tsaya yana jira, a wannan tsayuwar gal ke kawo farmaki ya ƙwace kifin, ɗan tsako ya kwana da yunwa. Don haka idan ka ga fafin da kifi a baki ya tsaya yana kallonka, kai ne ka tare masa ƙofa: ja da baya, ka bar tazara tsakaninka da na kusa da kai. Na lura idan na tsuguna a tsakiyar hanya na yi shiru, su da kansu suke matsowa, har wani ya ja igiyar takalmina. Mai ɗaukar hoto ba ya buƙatar dogon gilashin kyamara a nan.

Minti 35 kawai na samu a wurin da ya cancanci awa ɗaya da rabi, domin komawa mashiga na cin minti 40, kuma ana so a hallara kafin jirgi ya iso. Da zan sake, zan bi hanyar nan dai, amma in yanke zaman Garland Stone zuwa minti 20, in ci abinci a Wick maimakon gidan gona, in sa ƙararrawar waya ta buga saura awa ɗaya. A kan matakala, muna jiran jirgi, fafin na ta shawagi a kan ruwan mashigar, wasu na nutsewa suna fitowa da kifi a tazarar 'yan mitoci daga inda muke tsaye.