Mayar da a-kori-kura daga fetur zuwa dizal: abin da aikin ya ƙunsa

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu ɗaukar masara da tumatir daga Giwa, Soba da Hunƙuyi zuwa Sabon Garin Zariya ke yawan tambaya ko za a iya juya injin motarsu ya koma shan dizal. Injin da ke jikin motar dai ba ya juyuwa. Na fetur yana matse iska kamar sau 9 zuwa 10, fulogi ya ba da wuta. Na dizal ba shi da fulogi, matsi ne ke kunna man, kuma a tsofaffin injunan Toyota irin 3L da 5L matsin ya kai sau 22. Fistin da karanshaf da tof silinda na fetur ba a ƙera su don wannan nauyi ba. Duk bakaniken da ya ce zai sauya 'yan kayayyaki ya bar injin, a guje shi. Aikin gaskiya shi ne a sauke inji a ɗora wani.

A kan Hilux, zaɓinmu 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0, waɗanda injektansu, wato famfon da ke tura dizal cikin inji, ba ya buƙatar kwamfuta. Waya ɗaya ce mai ɗauke da wutar lantarki bolt 12 ke buɗe mai ta rufe. Sababbi irin 2KD sun fi ƙarfi, amma sai an haɗa da birenbos, wato kwamfutar injin, da wayoyinsa gaba ɗaya da makullinsa, kuma gurɓataccen mai yana kashe nozul ɗinsu da wuri. Ko a Panteka ta Kaduna za a saya ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, a nemi injin tare da giyabos, filawil, kulochi, kik, altaneta da ƙafafun zamansa. Sayen tsuran inji ya fi araha a ranar farko, daga baya neman ƙananan kayan ne ke cinye kuɗin. A tayar da shi da sanyinsa kafin a biya. Idan farin hayaƙi ya ƙi ɗaukewa, ko bakin zuba baƙin mai yana huci da ƙarfi, a bar shi.

Birki ne wurin da aka fi yin ganganci, kuma nan rai yake. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da sabo, wato tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi, ke aiki da ita. Dizal ba ya yi, shi ya sa ake samun ƙaramin famfo a bayan altanetarsa. In aka sa altaneta marar wannan famfo, takawa ta farko ko ta biyu birki zai sandare kamar an taka dutse, ga kaya a baya, ga cunkoson Kwangila a gaba.

Sai tanki. A sauke shi a wanke, a cire famfon fetur na ciki, domin ƙarfin turawarsa ya wuce abin da injekta ke so. Ragowar fetur ma illa ce, don dizal ɗin ne ke shafe cikin injekta, fetur kuwa busar da shi yake. A ja layin da ke mayar da mai tanki, a sa filta mai raba ruwa da famfon hannu na cire iska. Batir ya zama babba, a haɗa hita mai ɗumama inji kafin a tayar da shi da rilenta, lagireto ya zama na dizal, salansa mai faɗi. A duba sifirin na gaba saboda ƙarin nauyi. Dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur, don haka idan aka bar aksul ɗin asali motar na iya yin kuka a hanyar Kano tun ba ta kai gudun da aka saba ba. Bel ɗin taimin a sa sabo tun injin na ƙasa, kuma a gyara lambar inji a takardun mota.

Masu sha'awar amfani da man girki a madadin dizal su sani ba a zuba shi kai tsaye, kaurinsa na toshe nozul. Ana dafa shi ne: lita 1 ta sabon mai, mililita 200 na metanol, giram 3.5 na sodar sabulu. A narkar da sodar cikin metanol, a zuba a man da ya kai zafin digiri 55, a juya awa ɗaya, a bari ya kwana. Gilisarin zai kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama, a wanke da ruwa, a busar. Man da aka soya ƙosai da shi yana buƙatar ƙarin soda gwargwadon tsaminsa, in ba a auna ba sabulu za a samu. Metanol guba ne mai makantarwa kuma yana kama wuta, sai a fili, da safar hannu da tabarau. A fara da kashi 20 cikin 100 a gauraye da dizal, a ajiye filta ta biyu a mota domin yana ɓamɓaro dattin tanki, a sauya tsofaffin tiyon roba. Wanda aka yi da manja yana fara daskarewa wajen digiri 13 zuwa 15, kuma asubahin hunturu a Samaru yakan sauka ƙasa da haka, sai a rage shi daga Disamba zuwa Janairu.

Kafin a kwance ƙusa ɗaya, a yi lissafi. Dizal yana rage shan mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma litarsa kan fi ta fetur tsada. Motar da ke hanya kullum da kaya mai nauyi za ta iya mayar da kuɗinta. Wadda ke zagayen cikin gari kuwa, gara mai ita ya je Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke hanyar Basawa a Zariya ya tambayi batun sa tukunyar iskar gas ta CNG, wadda ke aiki da injin fetur ɗin da yake da shi.