Yadda muka tsara kuɗin gidanmu, ni da uwargida

Da muka yanke shawarar yi wa gidanmu kasafi, wata guda muka yi muna rubuta duk abin da ya fita daga hannunmu, ba mu hana kanmu komai ba. Littafi ɗaya muka ajiye a kan tebur, wanda ya dawo ya rubuta nasa, har kuɗin mota da katin waya. Dabarar tsohuwa ce: tun 1904 wata 'yar jarida a Japan, Hani Motoko, ta fito da littafin lissafin gida da suke kira kakeibo.

Daga nan muka gwada tsarin 50/30/20, wanda wata malamar jami'a, Elizabeth Warren, da 'yarta Amelia suka yaɗa a Amurka a 2005. Kashi 50 cikin ɗari na abin da ke shigowa ya tafi ga larura, 30 ga abin marmari, 20 ga ajiya da biyan bashi. A takarda ya yi kyau. A gidanmu kuwa haya da cefane kaɗai sun haye rabi. Ba abin mamaki ba ne, don tun 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya nuna cewa iya ƙarancin samun gida, iya girman kason da abinci ke cinyewa. Sai muka bar lambobinsu muka yanka namu daidai ƙarfinmu, muka riƙe abu ɗaya kawai: ajiya ake fara cirewa ranar da albashi ya shigo, kafin a taɓa komai.

Amma abin da ya fi buɗe min ido shi ne kuɗin da ba sa zuwa kowane wata. Ana yawan ɗora wa ƙananan saye-saye laifi, ni kuwa a lissafinmu ba su ne ke karya mu ba. Kuɗin makaranta ne, da sabunta takardun mota, da tayoyi, da takalman yara da ke matse su duk shekara. Kowannensu mun san yana tafe, amma in ya zo sai mu kira shi na ba-zata. Uwargida ce ta ce, "Maigida, abin da ke zuwa duk shekara ai ba baƙo ba ne."

Muka buɗe sabon shafi muka jera su, muka tara jimlar shekara, muka raba gida 12. Abin da ya fito, gaskiya, ya fi yadda na zata nesa ba kusa ba. Shi muke turawa wani asusu dabam duk wata, wanda da gangan ba mu karɓi katin cirar kuɗinsa ba. Cefane kuma muna raba shi ambulan-ambulan, kowane mako da nasa, in ya ƙare a jira na gaba.

Kowannenmu yana da ɗan kuɗin aljihu da ba a tambayarsa ina ya kai. Wannan ya kashe rabin gardamar da lissafi ke haifarwa. Masana na cewa a tanadi abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida saboda rashin lafiya ko rasa aiki. Mu har yanzu muna kan hanya, ko na wata biyu bai cika ba.