Daren da "sabo" ya zama lambar kaya

Na fi wata shida ina rubuta wa shagon kawuna manhajar lissafin kaya da Clojure, yaren rubuta manhaja da Rich Hickey ya fitar a 2007. Wajen tsara hanyoyi, wato wane adireshi ne zai kira wane aiki, wani kayan aikin Clojure mai suna Compojure na James Reeves na ɗauka, don ba ya da wuyar koyo.

Shi Compojure daga sama zuwa ƙasa yake bin hanyoyin, wadda ta fara dacewa ita ke amsawa. Ni kuwa sai na sa /kaya/:id (inda :id gurbi ne na lambar kaya, yana karɓar duk abin da aka sa a wurin) a saman /kaya/sabo, hanyar ƙara sabon kaya. Kawu ya danna maɓallin ƙara sabon kaya, manhaja ta ɗauki kalmar "sabo" a matsayin lambar kaya, ta je nema a rumbun bayanai, ta dawo hannu rabbana. Bayan isha'i ya bugo mini waya: "Ɗana, abin nan naka fa ya ƙi." Sai wajen ƙarfe 1 na dare na gano bakin zaren.

Daga baya na koma Reitit, wani kayan tsara hanyoyi na kamfanin Metosin da ke Finland. A wurinsa hanyoyi bayanai ne zalla, jeri cikin jeri, kana iya fito da su ka duba da idonka. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne, da na sake rubuta hanyoyin nan biyu, tun kafin manhajar ta tashi ya tsayar da ni, ya nuna mini sun yi karo.