Inda ta tsaya, nan matsalar take: abin da ɗora tsohuwar Windows a kan laftof ya koya mini

Har yanzu ana kawo laftof a ce a sauke Windows ɗin da ta zo da ita, a ɗora Windows 7, wani lokaci ma XP. Ba son tsohon yayi ke kawo mutane ba. Wani yana da na'urar yanka sitika wadda manhajarta ba ta san komai ba sai XP. Wani makanike ne, direban (wato ɗan shirin da ke haɗa Windows da kayan da aka jona mata) na na'urar da yake binciken mota da ita ya tsaya a Windows 7. Wani kuma manhajar lissafi ce da ya saba da ita, masu yin ta sun daɗe da tattara komatsansu. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020, amma kayan aikin da aka saya dominsu suna nan da ransu.

Babban abin da irin wannan aiki ya koya mini shi ne "ta ƙi tashi" ba cuta ɗaya ba ce. Tashin kwamfuta kamar miƙa bulo ne a wurin gini, daga wannan hannu zuwa wancan. BIOS, ko sabon salonsa UEFI, wato shirin da ke zaune a kan madabod, shi ke farawa. Ya nemo abin da za a tashi daga kansa, ya miƙa wa ƙaramin shirin da ke ɗauko Windows, ita kuma ta loda direbobinta ta karɓi ragamar na'urori. Kowace gaɓa da irin tsayuwarta. Shi ya sa idan yaron da nake koya wa aiki ya ce, "Oga, ta ƙi fa," nakan tambaye shi a ina ta tsaya, me kuma ta rubuta. Mai gaggawa yakan sake fomatin, ya sauya filash, ya sauko da wani kwafin Windows ɗin, alhali matsalar tana can wata gaɓa da duk wannan bai taɓa ba.

Idan filash ɗin ma bai fito a jerin abubuwan tashi ba, to ba a kai ga Windows ba tukuna. Tun zuwan Windows 8 a 2012 laftof ke fitowa da Secure Boot a kunne, wanda ba ya barin shirin tashin da bai aminta da sa hannunsa ba. Sai an kashe shi, an kunna abin da wasu kamfanoni ke rubutawa Legacy, wasu CSM, wato UEFI ya yi kwaikwayon tsohon BIOS. A wasu laftof wurin kashe Secure Boot a kulle yake har sai ka sa wa BIOS kalmar sirri ta mai kula. Sannan akwai rabon diski: tsohon tsari MBR ne, mai ɗaukar manyan kaso huɗu, wanda bai wuce terabait 2 ba, sabon kuwa GPT. XP mai 32-bit ba ta karanta GPT kwata-kwata. Windows 7 mai 64-bit tana iya tashi daga kansa, amma sai ta hanyar UEFI. Ka'idar da na riƙe ita ce: ta ƙofar da ka tayar da filash, ta nan Windows za ta zauna. Ka tayar da shi a Legacy a kan diski mai GPT, ta ce ba za ta sauka a nan ba. Sau da yawa filash ɗaya kan fito sau biyu a jeri, ɗaya da UEFI a gaban sunansa, kuma bambancin ke nan kawai. Manhajar Rufus ma tana tambayar wannan tun wajen haɗa filash, mutane ne ke wucewa ba su karanta ba.

Gaɓar da ta fi koya mini tunani ita ce shuɗin allo mai lamba 0x0000007B. Ka sa faifan XP, ya tashi lafiya lau, ya yi ta loda fayiloli, kana murna, sai ga shuɗi. Ko kuma ta ce ba ta ga diski a kwamfutar ba, ga shi kuwa BIOS yana nuna shi ƙiri-ƙiri. Dalilin shi ne a farkon tashi BIOS ke karanta wa shirin komai. Da an zo inda Windows za ta tsaya da ƙafarta, sai ta ajiye BIOS ta nemi direban kanta. XP ta fito a 2001, tsarin AHCI da diskin SATA ke magana da shi kuwa sai 2004 ya bayyana. Ba ta san shi ba. Diski lafiyarsa ƙalau, faifai ma haka, ba a dai gabatar da su ga juna ba ne.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne shiga BIOS a mayar da SATA daga AHCI zuwa IDE, ko Compatibility kamar yadda wasu ke rubutawa. Idan babu wannan zaɓi, XP ta tanadi danna F6 a farkon ɗorawa don a ba ta direba, sai dai daga flofi kaɗai take karɓa, abin da laftof ta rabu da shi tun da jimawa. Abin da ya rage shi ne a cusa direban cikin faifan tun kafin a ƙona shi, da manhaja irin nLite, kuma sai direban ya dace da ainihin cip ɗin da ke cikin wannan laftof ɗin, ba na ƙanwarta ba.

Wannan lamba tana da wata dabi'a da ya kamata mai gyara ya sani: takan dawo. An ɗora XP a IDE, mai kaya ya tafi yana godiya, bayan watanni ya dawo da shuɗin allo yana cewa aikin bai yi ba. Ka duba agogon BIOS, ka tarar ya koma shekarun baya. Ɗan batirin da ke riƙe saituna ne ya mutu, laftof ta koma saitin kamfani, SATA ya koma AHCI. Ba a buƙatar sake ɗora komai. A sauya batiri, a mayar da saiti, ta tashi da kayanta cif. Tun da na gane haka, tsohuwar laftof ba ta barin hannuna sai na duba agogonta, kuma nakan rubuta wa mai ita saitin da na sauya a takarda.

Windows 7 ta san AHCI, amma ita ma tana da nata makantar, kuma saƙonta ya fi ɓatar da mutum. Kana ɗorawa daga filash, sai ta ce ta rasa direban na'urar CD ko DVD. Laftof ɗin ma ba ta da wurin faifai! Abin da take nufi shi ne filash ɗin da ta taso daga kansa ya ɓace mata. Cuta ɗaya ce da ta XP, wuri ne ya sauya: ta fito a 2009 babu direban USB 3.0 a cikinta, da ta saki BIOS sai ƙofar ta rufe. A laftof masu ƙofa iri biyu, cire filash daga shuɗiyar ƙofa zuwa baƙa ya wadatar. Amma daga firosesan Intel na tsara ta shida, Skylake, wanda ya fito a 2015, an cire tsohon mai kula da USB ɗin gaba ɗaya, duk ƙofofin sabon ne ke riƙe da su ko da launinsu baƙi ne. A nan sai an cusa direba da DISM, kayan aikin Microsoft na gyara fayilolin ɗora Windows, kuma a wuri biyu: boot.wim domin shirin ɗorawa ya gani, da install.wim domin Windows ɗin da za ta zauna. Wanda ya sa a na farko kaɗai zai gama ɗorawa lafiya, ya tarar linzami da filash duk ba sa motsi. Idan diskin NVMe ne, wato sabon nau'in diski mai sauri, akwai ƙarin gyara da Microsoft ta fitar mai lamba KB2990941, shi ma a wurare biyun.

Masu son Windows biyu a laftof ɗaya, tsohuwa ake fara ɗorawa. XP ba ta san da zaman wadda ta zo bayanta ba, idan ita aka ɗora daga baya takan shimfiɗa nata shirin tashi, NTLDR, a kan na Windows 7. Ba a rasa komai ba, faifan Windows 7 da umarnin bootrec kan dawo da shi, amma wahala ce da tsari zai hana.

Akwai kuma inda hanya ke ƙarewa, kuma sanin wurin ma aiki ne. Windows 7, ko da ta hanyar UEFI aka ɗora ta, tana kiran wani tsohon sashe na BIOS don nuna hoto a lokacin tashi. Intel ta sanar a 2017 cewa za ta daina tallafa wa CSM zuwa 2020, don haka laftof na bayan nan da yawa ba su da shi. A kansu sai ka ga tambarin Windows 7 ya tsaya cak, ko ƙwallayen haske huɗu da ke haɗa shi ba su gama haɗuwa ba. Wasu kuma su jefo 0x000000A5, wato ACPI, tsarin sarrafa wuta na madabod, ya yi wa Windows ɗin sabunta. Microsoft da kanta ta ce daga tsara ta bakwai ta Intel da Ryzen na AMD, sai Windows 10. Akwai masu gwaninta da ke gyaggyara direbobi da shirin tashi har su tilasta ta tashi, kuma ina jinjina musu. Amma ni ba na ɗora irin wannan a kan kwamfutar da mutum ke neman abinci da ita. Tashi daban, aiki daban. Laftof ɗin da ta tashi babu direban hoto, babu Wi-Fi, in ta yi barci ba ta farkawa, ba a gama wa mai ita komai ba.

Wasu ɗabi'u kuma aikin ne ya dasa mini su. Kafin in taɓa BIOS nakan ɗauki hoton kowane shafi da waya. Abu ɗaya nake sauyawa, in gwada, sannan in matsa; wanda ya sauya uku lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ya yi magani ba. Direban intanet nakan ajiye shi a filash tun da wuri, domin tsohuwar Windows takan farka ba ta san katin ba, ba kuma hanyar sauko da shi. Idan kuwa Windows ɗin da ke kai tana da BitLocker, makullin diski na Windows, sai na ga lambar ceto mai alƙaluma 48 da idona, don kashe Secure Boot kaɗai kan sa ta nemi lambar, kuma kayan mai ita na can ciki a kulle.

Yanzu kafin in ciro filash nakan tambayi mutum, "Malam, wace manhaja ce kake son ta yi aiki?" Sau da yawa ba XP yake so ba, shiri ɗaya ne tak. Irin wannan VirtualBox kan ɗauke shi: tsohuwar Windows ta zauna a cikin sabuwa, a kan na'urorin kwaikwayo da ta sani, babu rigimar AHCI ko USB. Inda hakan ya gaza, galibi saboda na'urar waje da ke son a jona ta kai tsaye, shawarata a nemo laftof ta zamanin manhajar. Masu Intel Core tsara ta uku, na 2012, suna da direbobin XP; tsara ta shida ita ce iyakar Windows 7. A ware ta don wannan aikin kaɗai, kuma a raba ta da intanet. Muguwar manhajar WannaCry da ta ɓarke a Mayun 2017 ta wata kafa a tsohon tsarin musayar fayil na Windows ta shiga, har sai da Microsoft ta fitar wa XP gyara na musamman shekara uku bayan ta sallame ta. Irin wannan gyara ba kullum yake zuwa ba, don haka nakan kashe Wi-Fi ɗin irin wannan laftof tun daga BIOS idan akwai zaɓin, fayil kuma ya riƙa shiga ta filash ɗin da aka bincika a wata kwamfutar.