Buzuzun Ngel Nyaki da kwalabe goma sha ɗaya da na yi asara

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san buzuzu, kansa a ƙasa, yana tura dunƙulen kashin shanu da ƙafafun baya. Muna yara mukan tare masa hanya da kara mu ga dabarar da zai yi. Ban taɓa zaton wata rana shi ne zai kai ni tsaunin Mambila ba, har in shafe mako uku ina binsa da kofin roba da kwalba.

Aikin digirina na biyu ne, kuma tambayar da na ɗauka gajeriya ce: buzuzun da ke cikin kurmi da wanda ke filin ciyawa inda shanu ke kiwo, iri ɗaya ne ko sun bambanta? Wurin da ya dace da ita shi ne gandun Ngel Nyaki a jihar Taraba, wanda aka keɓe tun 1969, domin a can kurmi da fili suna manne da juna. Taku goma ya isa ya fitar da kai daga inuwa mai duhu zuwa tsakiyar rana. Daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, inda ofishin gandun Gashaka-Gumti yake, muka hau tsauni daga Mayo Selbe, mota na nishi a kan kwanoni. A ƙauyen Yelwa muka sauka, saura kuma sai ƙafa. Wurin ya haura mita 1,400 daga doron teku, kuma sanyin darensa ko a damina sai da bargo biyu.

Tarkon ba wani abin mamaki ba ne. Rami ake haƙawa a binne kofin roba, bakinsa daidai da ƙasa, a zuba ruwa da gishiri da ɗigon sabulu don kada abin da ya faɗa ya iya hawowa. A sama sai a rataya kashi ƙulle a ƙyallen gidan sauro, a kafa faranti ya zama rumfa saboda ruwan sama. Na kafa ashirin, goma a kurmi goma a fili, mita hamsin tsakanin kowane biyu don kada warin wannan ya janye na wancan. Bayan kwana biyu in kwashe in sabunta.

Dattijon da aka haɗa ni da shi don rakiya, Baffa muke ce masa, shi ya fara gyara mini aiki tun ranar farko. Na zaɓi wani wuri mai laushin ƙasa zan haƙa, sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, ba nan ba. Hanyar kwarkwasa ce. Kafin gobe sun cika maka kofi, sun cinye abin da ka kama."

Na duba ban ga ko ɗaya ba. Ya nuna mini wani ɗan layi a ƙasa, kamar an ja da yatsa. Na matsa gaba. Tarko na bakwai da na kafa ni kaɗai ran da bai zo ba, shi kwarkwasa suka shiga, na tarar da fikafikai da ƙafafu kawai. Shi ne kuma ya san bishiyar da birai suka kwana, ya kai ni ƙarƙashinta da asuba in samu ɗanyen kashinsu kafin rana ta busar da shi.

A ƙarƙashin bishiyar nan na fahimci abin da na karanta sau da yawa bai zauna mini ba. Kashin biri cike yake da 'ya'yan itatuwan da ya sha. Kafin hantsi buzuzu sun taru a kansa, kuma ba sana'a ɗaya suke yi ba. Akwai masu dunƙulawa su mirgina can nesa su binne, akwai masu haƙa rami nan take a ƙarƙashi su ja kashin ciki, akwai ƙanana da ke zama cikinsa su yi ƙwai. Na farko da na biyu, garin binne abincin 'ya'yansu, suna binne irin bishiya tare da shi. Irin da ya rage a sarari ɓeraye ne ke cinye shi. Wato biri ya ɗauko, buzuzu ya shuka. A kurmin da har yanzu akwai birin cimfanzi, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, wannan ƙaramin ƙwaron yana cikin masu riƙe da dajin, kuma ba ruwan kowa da shi.

Sai asarar. Kowane tarko kwalbarsa daban, da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, kuma ƙa'ida ita ce a jefa 'yar takarda cikin kwalbar, ɗauke da lambar tarko da kwanan wata da tsayin wurin da sunan mai tarawa. An faɗa mana a aji cewa da fensir ake rubutawa. Ran nan fensirina ya faɗi a hanya, ruwa na sauka, hannuna ya ƙage saboda sanyi, sai na zaro biro na ce ai na yau ne kawai. Bayan kwana uku na buɗe akwati na tarar da sifirit ya koma shuɗi, takardu goma sha ɗaya fari fat. Buzuzun suna nan lafiya ƙalau, har da wani mai ƙaho da ban sake kama irinsa ba. Amma wace kwalba ce ta kurmi, wace ce ta fili? Na zauna da littafina har dare ina ƙoƙarin tunowa. Huɗu daga ciki zuciyata ta ce mini ta san inda suka fito, kuma da na rubuta ba wanda zai gane. Na daɗe ina kallonsu kafin na ware su duka gefe. Idan na saka buzuzun kurmi a lissafin fili bisa zato, wani zai zo bayan shekara ashirin ya kafa hujja da ƙaryata, ya ce irin nan yana rayuwa a makiyaya, alhali ba ya yi.

Tun daga ranar fensir uku nake ɗauka, ɗaya rataye a wuya da zare. Takardun kuma tun da dare nake rubuta su a masauki, in bar gurbin kwanan wata kawai.

Da abin da ya rage na ga bambancin a fili. Tarkunan makiyaya sukan cika, amma in ka baje su a faranti iri kaɗan ne ke ta maimaituwa. Na kurmi ba su kai su yawa ba, sai dai akwai waɗanda ban taɓa kamawa a waje ba ko sau ɗaya, ko da tarkon yana dab da bakin daji. Ga su nan da fikafikai, amma ba sa ƙetare rana. Wannan ne ya tsaya mini a rai, domin duk rani ana cinna wa ciyawa wuta don sabuwar toho ta fito wa shanu, wutar kuma takan lashi gefen kurmi. Ban ɗora wa makiyaya laifi ba, na sha nonon rugarsu kuma na ga yadda kiwo ke musu wuya da rani. Amma duk taku ɗaya da kurmin ya ja baya, waɗancan irin ba su da inda za su koma.

Yanzu ina ɗakin gwaji, ina soke su da allura ɗaya bayan ɗaya a fiffiken dama, ina duba ƙaho da ƙafa a madubin ƙara girma. Yawancin ƙananan 'yan dangin Onthophagus ne, dangin da ke da iri fiye da 2,000 a duniya, don haka wasu sai an aika wa masana kafin a tabbatar da sunansu. Kwalabe goma sha ɗayan suna kan kanta ta sama, na rubuta musu "Ngel Nyaki, ba a san tarko ba". Ɗalibai suna koyon suka da su. Mai ƙahon nan na ware shi daban, kuma in Allah ya kai mu damina mai zuwa, zan sake kafa tarkuna ashirin ɗin a wurarensu in ga ta wane ɓangare zai fito.